Shanuna Dubu, Maɗaurinsu Ɗaya: Saƙar Kalmomi da Ramzi a New Bell

Duk wanda ya taso a gidan Bahaushe ya san wannan kacici-kacici: shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya. Amsarsa tsintsiya. Na ɗauko shi ne domin ya taimaka mini wajen bayanin wani wasan ƙwaƙwalwa da na daɗe ina yi, wanda a 'yan shekarun nan ya zame mini hanyar koyar da rubutun Hausa a unguwar da aka haife ni, wato New Bell, cikin birnin Duwala na ƙasar Kamaru. Wasan hawa biyu gare shi. A hawa na farko mutum zai amsa tambayoyi masu yawa, ya zuba amsoshin a gidajen wani allo. A hawa na biyu sai ya koma ya ƙare wa amsoshin kallo gaba ɗaya, ya nemo abu guda da ya haɗa su, wanda ba a ba shi gida a allon ba. Amsoshin su ne shanu. Abin da ake nema a ƙarshe shi ne maɗauri.

Suna da asali

Faransawa suna kiran hawa na farko mots croisés, wato kalmomin da suka gicciya juna. Ni na fi son in ce masa saƙar kalmomi, domin aikin masaƙi ne sosai. Wasu kalmomin suna tafiya a kwance, wasu a tsaye, kamar zare da abawa, kuma duk inda biyu suka haɗu dole harafi ɗaya ya yi musu aiki tare. Allon murabba'i ne da aka tsaga gida-gida kamar hatimi. Fararen gidaje na haruffa ne, baƙaƙe kuwa suna nuna inda kalma ta tsaya. Wanda ya shirya allon shi ne masaƙi, wanda ya zauna cike shi kuma shi ne mai warwarewa.

Mutumin da ake danganta ƙirƙirar wasan gare shi shi ne Arthur Wynne, haifaffen Liverpool ta Ingila da ya koma Amurka da zama. Ranar 21 ga Disamba, 1913, jaridar New York World ta buga allonsa na farko. Jaridar The Times ta Landan ta soma buga nata a 1930, The New York Times kuwa sai a 1942. A Faransa har manyan marubuta sun shiga sana'ar, cikinsu akwai Georges Perec, wanda ya riƙa saƙa wa mujallar Le Point allo tun daga 1976.

Mai hawa biyu ya fi bunƙasa daga baya. Gasar warware ƙulle-ƙulle da ake yi a jami'ar MIT ta Amurka tun 1981 ta yi suna da shi. Matt Gaffney ya buɗe gasarsa ta mako-mako a intanet a 2008, jaridar The Wall Street Journal kuma ta biyo baya a 2015 da allon ranar Juma'a. Tsarin bai cika canzawa ba: akwai take, akwai allo da tambayoyinsa, sannan akwai jimla guda ta umarni, kamar a ce maɗaurin wannan allo sunan kogi ne. Iyakar abin da za a ba ka ke nan.

Ga ƙaramin misali, ba tare da allo ba. Takensa shi ne "Likita Ya Duba", kuma maɗaurinsa kalma ce mai haruffa 4.

1. Wahala (4)
2. Kishiyar waje (4)
3. Kishiyar gaba (4)
4. Gefen kogi (4)
5. Wakilin sunan namijin da kake magana da shi (3)
6. Abin da gurɓataccen ma'aikaci yake ci (5)

Amsoshin su ne wuya, ciki, baya, baki, kai, hanci. Babu tambaya ɗaya da ta ambaci halittar ɗan Adam. Amma da zarar an jera amsoshin an sake karanta su, aka kuma tuna da likitan da ke cikin take, sai kowace kalma ta juyo da ɗaya fuskarta. Maɗauri shi ne jiki. Ɗalibi ya lura da abin da ya sa wasan ya yiwu: rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Wuya ta wahala da wuyan da ke ɗauke da kai sun bambanta a karin sauti, sun bambanta a jinsi, amma a takarda kamanninsu ɗaya. Haka gado na kwanciya da gado na magada, haka gari na mutane da gari na tuwo. Abin da ke wahalar da mai koyon karatu shi ne jarin masaƙi.

Unguwar da harshe yake a baki kawai

In an bi shekaru, New Bell sa'ar saƙar kalmomi ce. Tsakanin 1910 da 1914 Jamusawa suka ƙudura ƙwace filayen 'yan ƙabilar Duwala da ke bakin kogin Wuri, su mayar da mutanen can baya, a sababbin unguwannin da wani fili mai faɗin kilomita guda zai raba su da mazaunin Turawa. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ja da wannan shiri, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Akasarin 'yan ƙasa ba su yarda sun tare a wurin da aka ware musu ba, sai baƙi suka cike shi: Bamileke, Basa, mutanen Yammacin Afirka, da Hausawa fatake da mahauta da masu sana'ar hannu. Har yau akwai sashen da ake kira New Bell Haoussa, ga kuma maƙwabtansa irin su Congo, Makea, Kassalafam da Nkololoun. A kudancin Kamaru kusan duk Musulmin da ya fito daga arewa Bahaushe ake ce masa, ko da Bafulatani ne ko Babarbare.

Mahaifina tela ne, kusa da kasuwar Congo inda ake hada-hadar yadi. Rayuwarmu ta harshe a rarrabe take kamar kason gado. Da safe Faransanci a makarantar gwamnati, da yamma Larabci a makarantar allo, a kasuwa Turancin buroka da Fulatanci, a gida kuma Hausa. Kowanne daga cikin na farkon biyu yana da alƙalaminsa da littafinsa. Hausa ita kaɗai ce muke sha da baki ba mu taɓa ganin ta a allon aji ba. Allon saƙa na farko da na gani a tsohuwar jaridar Faransanci ne, irin wadda mahauta ke naɗe tsire da ita, maiƙo ya riga ya cinye rabin tambayoyin. Da irin waɗannan takardu na tara kalmomin Faransanci fiye da waɗanda na samu a aji. Sai da na kai jami'a na zauna na koyi ƙa'idojin rubuta harshen da na sha a nono.

Yaran unguwar na yau sun fi mu rubuta Hausa, domin wayar hannu ta sa kowa ya zama marubuci. Amma da haruffan Faransanci suke rubuta ta. A saƙonninsu na WhatsApp za ka ga ina kouana, tchikin guida, chinkafa, na dji. Ba laifinsu ba ne, hannu abin da ya saba shi yake yi. Illar ita ce, yaron da ya saba da haka in ka miƙa masa littafin da aka buga a Zariya ko Kano, sai ya karanta ciki ya ce siki, ya karanta gida ya ce jida, ya gaji a shafi na biyu ya ajiye. Harshen nasa ne, amma ƙofar ɗakin karatunsa a rufe take gare shi.

Saboda haka duk babban hutu, a watannin Yuli da Agusta, lokacin da ruwan Duwala yake tsare kowa a ɗaka, nakan tara 'ya'yan 'yan'uwa da na maƙwabta a shagon da ƙanena ya gada. Ba na zuwa musu da darasin ƙa'idoji, domin sun ƙoshi da aji. Allon saƙa nake zana musu.

Abin da allo yake koyarwa

Allo ba ya karɓar uzuri. Tambaya ta ce sunan halifa na uku, gidaje 6. Yaro ya fara rubuta OUSMANOU, ya ƙirga, ya ɗago kai.

"Kawu, gidajen ba su isa ba."

"Sun isa, ɗana. Sauke kayan aro ka gani."

Ya yi shiru, ya goge, ya rubuta USMANU. Daga ranar bai ƙara buƙatar a gaya masa cewa wasalin u harafi ɗaya ne a Hausa ba. Haka lamarin yake ga haruffa masu ƙugiya. In kalmar kwance BAƘI ce, ta tsaye kuma ƘASA, suka haɗu a gidan ƙ, wanda ya sa k zai tashi da baki da kasa. Duka biyun kalmomi ne na Hausa, amma ba su ne amsoshin tambayoyin ba. A nan yaro yake gane cewa ƙugiyar nan ma'ana take ɗauke da ita.

Nakan ɗan gutsura musu tarihi idan sun tambaya. Haruffan ɓ, ɗ da ƙ sun zauna a rubutun boko ne a shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta taimaka ƙwarai wajen yaɗa su. A 1980 aka yi taro a Yamai domin daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar, ko da yake har yau Nijar tana rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y. Kamaru ma ta fitar da haruffan bai-ɗaya na harsunanta a 1979, don haka yaron da ya taɓa ganin Fulatanci a rubuce ya san ɓ da ɗ da ƴ. Harafin ƙ ne baƙo a idonsa.

Masaƙi kuwa dole ya yanke hukunci tun kafin ya ja layi na farko. Shin sh gida ɗaya za ta ci ko biyu? Ni gida ɗaya nake ba sh, haka ts, haka 'y, domin kowanne sauti guda ne da ke da matsayinsa a jerin baƙaƙenmu. Irin su kw, gw, ƙy da fy nakan raba su gida biyu don sauƙaƙa haɗuwa. Wani masaƙin yana iya zaɓar wata hanya. Abin da ba ya halatta shi ne a ɓoye wa mai warwarewa ƙa'idar, ko a canza ta a tsakiyar allo.

Wanda ya gwada saƙa allo da Hausa zai gano siffar kalmominmu da hannunsa. Gaɓar Hausa baƙi ne da wasali, wani lokaci da baƙi na rufewa, kuma mafi yawan kalmominmu na asali da wasali suke ƙarewa. To, layin ƙarshe na allo haruffan ƙarshe na kalmomin tsaye ne suke gina shi. Idan duk wasula ne, ba za su tashi kalma ba. Dole masaƙi ya je farautar kalmomi masu ƙarewa da baƙi, kuma wurare kaɗan ne ake samun su: amsa-kama irin su fes, tsaf, wur da ƙirin, lambobi irin su biyar, takwas da ashirin, ranaku irin su Litinin, Alhamis da Asabar, kalmomin aro irin su tebur da fensir, sunayen Larabci, sai kuma suna mai ɗauke da mahaɗi, kamar gidan ko motar. Ga ƙaramin allo mai gida 16 da yake karantuwa iri ɗaya a kwance da a tsaye:

R A N A
A B I N
N I S A
A N A S

Layi na farko da na uku kalmomi ne na yau da kullum. Na biyu sai da aka jingina da mahaɗi, na huɗu sai da aka aro sunan yanka. Darasin tsarin gaɓa da nakan yi awa biyu ina yi wa ɗaliban jami'a, ga shi nan a layi huɗu.

Jinsi ma yana da tasa rawar. Ranar zaɓen shugaban Amurka, 5 ga Nuwamba, 1996, The New York Times ta buga wani allo na Jeremiah Farrell wanda gidaje bakwai na tsakiyarsa suke karɓar CLINTON, suke kuma karɓar BOB DOLE, domin kowace tambaya ta tsaye da ta ratsa wurin amsa biyu gare ta. Wanda ya so yin irin wannan da Hausa zai iske harshen yana tona asiri. Rana da rani harafi ɗaya ya raba su, dukansu kuma zafi suke kawowa, amma da ka ce ita ko shi a cikin tambaya ka riga ka nuna wanda kake nufi. Sai ka nemi tagwaye masu jinsi ɗaya, kamar gero da goro: ana sayar da shi a kasuwa, ana kai shi gidan biki.

Allo mai maɗauri na farko da na ba yaran shagon, manyan amsoshinsa shida kalmomi ne da aka cire daga karin magana. Takensa "Ina Muke?", umarninsa kuma ya ce maɗauri sunan gari ne.

1. Komai nisan ____, gari zai waye.
2. ____ ba ta jewar banza.
3. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama ____, shafa wa naka ruwa.
4. ____ gadon barci ne.
5. ____ tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani.
6. ____ cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka.

Na farko da na uku ba su ba kowa wahala ba. Sauran sai da aka tafi da su gida, aka durƙusa gaban kakanni. Wata tsohuwa ta aiko mini da saƙo cewa rabon da jikanta ya zauna ya tambaye ta wani abu da ba kuɗin kashewa ba har ta manta. Washegari amsoshi suka cika: dare, ungulu, wuta, alheri, laifi, allura. Suka ɗebi haruffan farko suka jera, D, U, W, A, L, A, suka tsaya suna kallo, domin idonsu Douala ya sani. Wata yarinya ce ta karanta shi da ƙarfi, shagon ya kaure da sowa. A garin aka haife su duka, amma ran nan suka fara ganin sunansa da rubutun harshensu.

Maɗaurin da muka gada

Akwai wani dattijon malami a unguwar, abokin mahaifina, wanda yakan fake wa ruwa a shagon. Ya saurari bayanin wasan har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ai ramzi ne aka sa wa rigar Nasara."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, a ƙara mana bayani, yaran su ji."

Abin da ya faɗa musu ya kamata kowane ɗalibin adabin Hausa ya riƙe. Marubuta waƙoƙinmu na ajami sukan ɓoye shekarar da suka yi waƙa a cikin wata kalma a baitocin ƙarshe. Kalmar ita ce ramzi. Kowane harafin Larabci yana da adadinsa a lissafin abajada, mai karatu zai ware baƙaƙen kalmar, ya bar wasula, ya tara adadinsu, sai shekarar Hijira ta fito. Ga kaɗan daga ciki a hisabin Magariba, wanda shi ne malaman ƙasar Hausa suke bi: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, ha 5, wau 6, ya 10, kaf 20, lam 30, mim 40, nun 50, fa 80, ƙaf 100, ra 200, sin 300, ta 400, shin 1000. Shi ya sa ramzin ƙarni na 13 na Hijira yakan zo da shin da ra, wato 1200, na ƙarni na 14 kuma da shin da sin, wato 1300. Gwanaye sukan nemi haruffan su tashi kalma mai ma'ana. Dubi kalmar Larabci sharaf, wadda ke nufin ɗaukaka: shin 1000, ra 200, fa 80, jimla 1280, shekarar da Nana Asma'u 'yar Shehu ta rasu, daidai da 1864.

Ita Nana Asma'un tana da waƙar da in aka tsinci haruffan farkon baitocinta aka jera, ayar nan ta Suratu Alam Nashraha mai yin bushara da sauƙi tare da tsanani ce take fitowa. Dabarar da na yi wa yara da Duwala ke nan, an riga an yi ta a Sakkwato tun ƙarni na 19, da abin da ya fi nauyi nesa.

Batun nan ya wuce nishaɗi. A cikin akwatin littattafan da kakanmu ya bari akwai wata waƙar wa'azi ta ajami, rubutun hannu, babu lamba ko ɗaya a jikinta. A kusa da ƙarshenta akwai kalma mai baƙaƙe huɗu: shin, sin, mim, ha. Wani ɗan ƙanena da ya yi karatun Larabci da littattafan bugun Misira ya buga lissafi ya samu 405, shekarar da ta girmi takardar da ɗaruruwan shekaru. Dalili shi ne hisabin mutanen Gabas ya bi, inda shin take 300, sin take 60. Dattijon nan ya karɓa, ya buga da hisabin Magariba: 1000 da 300 da 40 da 5, ya ba da 1345. Domin juya ta zuwa Miladiyya a taƙaice, a raba shekarar da 33, a cire abin da aka samu daga cikinta, a ƙara 622. Sai ga 1926 zuwa 1927. Haruffa shida kacal ne adadinsu ya saɓa tsakanin hisaban biyu, amma sun isa su ɓatar da mai bincike. Irin waɗannan akwatuna suna nan a gidajen Hausawa daga New Bell har Briqueterie ta Yawunde, masu iya buɗe ramzinsu kuwa kullum raguwa suke yi.

Ga mai son saƙawa da mai son warwarewa

Masaƙi daga ƙarshe yake farawa. Ya zaɓi maɗauri tukuna, sannan ya nemi hanyar da za ta kai gare shi, sannan manyan amsoshin da za su ɗauki hanyar, sai a ƙarshe ya cike sauran gidaje. Take ya zama ishara ta gaskiya, wadda mutum zai waiwaya bayan ya gama ya ce ashe tun farko an gaya mini. Umarni ya faɗi nau'in abin da ake nema. Maɗauri ya zama ɗaya tak, wanda in an same shi ba a buƙatar tambayar kowa ko daidai ne. A misalinmu na farko, da na tsaya a kan ciki da baya da kai kawai, da wani ya ce maɗauri wuri ne ko jiha, kuma ba za a ƙaryata shi ba. Wuya da hanci su suka toshe wannan ƙofa. Kafin a fitar da allo, a ba wani wanda bai san sirrin ba ya gwada, domin mai ɗaki ba ya jin warin ɗakinsa.

Mai warwarewa kuwa ya cike allo tukuna, sannan ya koma ga take. Ya dubi amsoshin da suka fi tsawo. Ya dubi tambayar da aka yi wa kwana-kwana alhali akwai miƙaƙƙiyar hanya, domin masaƙi ba ya wahalar da kansa a banza. Ya ƙirga: in maɗauri haruffa shida ne, ya nemi abubuwa shida masu kama da juna. Ya karanta amsoshin da ƙarfi, ya sauya musu karin sauti, ya cire ƙugiya ya mayar. In abu ya cije, ya ajiye ya je ya yi wani aiki, sau da yawa a kan hanyar masallaci ko kasuwa amsa take faɗowa.

A al'adar kacici-kacici, wanda ya kasa yakan ce na ba ka gari, mai tambaya ya karɓi Kano ko Katsina sannan ya faɗi amsa. A shagonmu mun riƙe wannan ƙa'ida, sai dai garuruwan da ake ba ni su ne Garwa, Marwa da Ngaundere, kuma ba na karɓa sai an rubuta sunan garin daidai da haruffan Hausa.

Ga naku. Takensa "Cefanen Mai Hisabi". A tuna cewa sh harafi ɗaya ce, gida ɗaya.

1. Hatsin fadama, ana tuwo da ita, ana dafa-duka (7)
2. Saiwar da ake yin garin kwaki da shi (4)
3. Ɗan itace, akwai na zaƙi akwai na tsami (4)
4. Ƙarami ne ja, shi ke sa yaji ya amsa sunansa (7)

Maɗauri sunan wani babban malami ne na ƙasar Hausa, kuma abin da amsoshin za su ba ku shekarar rasuwarsa ce. Duk abin da ake buƙata yana cikin abin da ya gabata. Wanda ya samo shi, ya zauna ya saƙa nasa, ko da mai tambaya huɗu ne, ya kai wa ƙanensa ko kakarsa. Wanda ya kasa kuwa, ya tanadi garin da zai ba ni.